Kawu Cindo da Kunnena na Hagu

Duk wanda ya taɓa gaisawa da Kawu Cindo ya san ba ya kallon mutum a ido sai ya gama da kunne. Kana miƙa masa hannu, shi kuwa ya karkata kai ya leƙa gefen fuskarka kamar mai tayin rago, ya zagaya ya leƙa ɗaya gefen, sannan ya ce, "To, an kwana lahiya?" Ku da kuka zauna a bencin shagonsa na Badariya, ban san wanda ya tsira daga wannan bincike ba. Liman ma rawani ne ya cece shi.

Yayan mahaifiyata ne. Sana'arsa haɗa sauti: biki, suna, wa'azi, saukar karatu. Daga nan Birnin Kebbi har Argungu, in ka ji lasifika tana magana ba ta kuka, to Kawu ne zaune a bayan miksa, na'urar daidaita sauti. Inna ta ce ranar sunana da aka miƙa masa ni ya sa albarka, sai ya juya ni dama, ya juya ni hagu, ya daɗe yana nazari, sannan ya ce, "Allah shi raya. Amma kunnuwan yaron ga ba uwa ɗaya ba, ba uba ɗaya ba." Inna ta yi wata guda ba ta yi masa magana ba. Ni kuma sai da na shekara ashirin da biyar na tabbatar da maganarsa, a gaban taron mata.

Yana da wasu halaye biyu da muka kasa yanke musu hukunci, ko tsoron Allah ne ko taɓuwa. In zai fara aiki sai ya tuɓe takalmi ya ɗora tafin ƙafarsa a jikin babbar sifika, haka zai zauna har a tashi. Kuma ba ya yarda kowa ya zauna a hagunsa. Ka zauna, ya tashe ka: "Komo nan. Hagu ta Shaiɗan ta."

Abin da ya fi so a duniya bayan matarsa Inna Kulu, ko da yake ita ta ce kafin ita, wasu 'yan iyafis ne guda biyu, irin waɗanda mawaƙa ke cusawa cikin kunne a kan dandamali don su ji kiɗa da muryar kansu. Wayarsu ta bayan kunne take zagayowa, ta sauka zuwa wani ɗan akwati da ake ratayawa a ƙugu. Masu wannan sana'a kan ce musu monita. Kawu shaidu yake ce musu. "Shaidu biyu na," in ji shi, "ba su cin hanci, ba su jin kunya." A aljihunsa kuma kullum akwai tsohon gwangwanin man shafawa cike da 'yan robobin nan da ake sa wa a bakin iyafis, manya da ƙanana, na roba da na soso. Su yake kira hula. Kowane kunne, a ilimin Kawu, da hularsa aka haife shi, nemo ta ne aiki.

Wata rana ina zaune a shagon wani ɗan gayu ya zo daga Gesse, ya ajiye ɗan akwati mai sheƙi a kan tebur. Yayansa ne ya aiko masa da iyafis daga waje, amma an cuce su, in ji shi. Sauti siriri kamar kukan sauro, ganga kuwa babu ita sam.

Kawu ko taɓa akwatin bai yi ba. Ya ce, "Matso." Ya leƙa dama, ya leƙa hagu. "Yaushe rabonka da wanke nan ciki?"

"Baba, kayan na kawo a duba."

"Kayan ba su da ciwo. Kai ad da shi."

Ya buɗe gwangwani ya zaɓo hula biyu manya ya sauya. Ya kama saman kunnen ɗan gayu ya ja sama, ya cusa, ya murɗa kamar mai rufe kwalba. Ya ce masa ya murza yatsu kusa da kunne.

"Ka ji ƙarar yatsun?"

"Ban ji ba."

"To kunna."

Ɗan gayu ya kunna. Idanunsa suka yi waje, ya fara gyaɗa kai kamar ƙadangare. Kawu ya zare masa guda ya ce, "Ganga ba ta zama ɗaki mai buɗaɗɗiyar ƙohwa. In hula ba ta toshe ba duk ƙarhin na zurarewa waje, kai kuma kana nan kana ƙara murya kana zagin Bature."

Daɗi ya kwashi mutumin, ya hango babbar amfilifaya a kusurwa, ya miƙa hannu zai jona iyafis ɗinsa a ciki wai ya ji iyakar ƙarfinsu. Kawu ya buge hannun.

"Ka taɓa ganin an ɗaura injin babbar mota ga jirgin masunta? Waɗanga naka cin tsuntsu gare su, wayarka ta ishe su. Ka ba su wancan su yi ta huci kamar kububuwa, kunnenka shi bi ruwa. Nawa su na masu ci, waya ba ta ƙosar da su, sai da akwatin ƙugu. Kowa da cikinsa. Kunne ba shi da safaya, yaro."

Da zai tafi, Kawu ya tare ƙofa ya karɓe ƙananan hulunan da aka cire, ya jefa a gwangwani. Wai wani mai ƙaramin kunne yana nan tafe.

Akwatin ƙugun nan batir yake ci, irin mai kusurwa huɗu da maɓallai biyu a ka. Kawu bai yarda da mita ba. Harshe yake ɗora wa maɓallan. Aji uku ya kasa su: wanda ya cije shi na biki ne, wanda ya ɗan tsunkule shi na rediyo ne, wanda ya yi shiru kuma ba mutuwa ya yi ba, barci yake, sai a shanya shi a rana. Faifan da Inna Kulu ke shanya kuɓewa ya ƙwace don wannan aiki, suka yi shekaru suna shari'a a kai. Da zazzaɓi ya kwantar da shi likita ya ce ya fiddo harshe, sai ya fiddo rabi ya ce, "A yi mai sannu, likita. Da shi nika aiki."

Yanzu bari in zo kan kaina, tunda ba ya nan balle ya riga ni.

Ni littattafan soyayya ne suka rene ni. Tun ina sakandare nake karɓo hayarsu a kasuwa, in sa a tsakiyar littafin lissafi. A cikinsu na koyi cewa so ba ya tabbata sai da yayyafi, da lambu, da saurayi mai sanyin murya wanda in ya yi magana budurwa sai ta dafa bango. Sunana Nuru, na mai da shi Nuraddeen. Na bar Hausar gidanmu na koma ta Kano, har da su "ƙalbina". In na gaida Kawu sai ya ce wa na kusa da shi, "Hwassara min, wanga Hausar littahi shika yi."

Hajaru kuwa a Argungu na fara ganin ta, ranar da na kai Inna suna a kan babur. Tana tsakar gida da wuƙa a hannu, na tsaya a kanta ina kallo, sai hawaye. Na koma gida na rubuta shafi huɗu a kan kyawun da ke sa namiji kuka. Daga baya ta ce mini albasar gonar babanta ce take yankawa, kuma kowa a gidan kuka yake yi, har akuya.

Malamar firamare ce, ba ta da lokacin kewaye-kewaye. Wata takwas ina zuwa zance. In ce mata ita ce farin watan da ya haska duhun rayuwata, ta ce, "Ka ci abinci?" In ce zuciyata tana cikin wani hali, ta ce akwai kemis a bakin titi. Ran nan ta naɗe tabarmarta ta ce, "Nuru, wata takwas kana zowa, har yau ban gane mi kaka so ba. Bikin yayata Luba saura mako ukku. In anka watse ban gane ba, ka hutar da babur ɗinka."

Mai hankali da a nan take ya faɗa mata. Ni na tuna cewa babu jarumin da ya taɓa bayyana soyayya a kan tabarma, kusa da turken awaki. Na yanke shawarar waƙa zan yi mata, a wunin bikin, a gaban kowa.

Na rubuta baiti shida. Na rera a waya, na sa mata amsa-kuwwar nan da ke sa murya ta yi kamar daga cikin masallaci take fitowa, na saurara da iyafis ɗina na kasuwa masu dukan ƙirji. Wallahi sai da na tausaya wa mawaƙan ƙasar nan, don na ga abincinsu ya ƙare. Da na ji Kawu ne zai haɗa sautin bikin, na ce wannan alama ce, irin wadda ake samu a babi na tara.

Na same shi a shago yana lasar batir. Na zauna a damansa na yi bayani.

"Kai ka waƙa?"

"Ni ne, Kawu. Baiwa ce, ɓoye ta nake yi."

"Allah shi saka ma da alheri bisa ɓoyon. Tashi tsaye."

Ya ciro shaidu daga cikin tsumman da yake naɗe su. Kunnen dama bai ba shi wahala ba, ƙaramar baƙar roba ta zauna daram. Na hagu kuwa ya gwada ta tsakiya ta faɗo, ya gwada babba ta yi lako-lako. Sai da ya kai ƙasan gwangwani ya zaƙulo wani soso rawaya, ƙato, ya murza shi ya yi siriri, ya ja kunnena sama ya cusa, ya riƙe da yatsa har ya kumbura a ciki. Duniya ta ɗauke. Ƙarar babura, injin markaɗe na maƙwabta, duk suka tafi. Numfashina kawai nake ji.

Na ga bakinsa yana cewa, "Na hwaɗa ma uwarka."

Ya rataya mini akwati a ƙugu, ya miƙo makirfo, ya kunna kiɗan fiyano. Na lumshe ido na ɗauko baitin farko.

Ban san yadda zan kwatanta muku ba. Kun san ƙofar langa-langa da ta kwana biyu ba mai? To a ce tana da mura. Kiɗa yana gabas, ni ina yamma, kuma duk abin a tsakiyar kaina yake faruwa, babu inda zan gudu. Na tsaya a rabin baiti na zare su.

"Kawu, abin nan ya lalace."

"Awo?"

"Ba muryata ba ce wannan. A wayata ba haka take ba."

"Na kasuwa maroƙa na, abin da kaka so su ka hwaɗa ma. Waɗanga ba su san ka ba, ba su san ubanka ba. Don mi za su yi ma ƙarya?"

Na yi fushi na tafi. Washegari na dawo, don Hajaru ba ta ƙara ko kwana ɗaya a wa'adinta ba. Abin mamaki bai kore ni ba. Ya ce tunda ina jin kuskurena, akwai sauran fata, wanda ba ya ji ne ba shi da magani. Kullum bayan la'asar sai in zo, ya cusa mini soso, ya yi alama da alli a jikin maɓallin ƙarfin akwatin ya ce, "Kak ka wuce nan ko gobara anka yi." Ya zuba wa bakina ido, ƙafarsa a kan sifika, in na kauce ya jefe ni da mataccen batir. Da kiɗan zaune sosai a cikin kunnena, na fara iya bin sa a hankali kamar makaho da ɗan jagora. Ana jibi biki ya ce, "Ba daɗi. Amma ba laihi." A bakin Kawu wannan lambar yabo ce.

Ranar wuni muka isa Argungu da hantsi. An kafa rumfuna a ƙofar gidan su Hajaru, ƙamshin soyayyen kifi ya cika unguwa. Na sa farar shadda da na goge sau biyu. Bayan la'asar, da lokacina ya matso, Kawu ya yi abin da ban taɓa gani ba: ya ciro sabon batir fil a leda, ya ɓare. Garba mai fiyano ya ce a rubuta ranar. Kawu ya lashe shi duk da haka, ya yamutsa fuska, ya ce, "Wanga kare na." Ya shirya ni tsaf ya koma bayan miksa ya tuɓe takalmi.

Saura kaɗan a kira ni na ce bari in duba fuskata a madubin babur. A nan Shaiɗan ya same ni, kuma ta hagu ya zo. Na ga kunnen dama da 'yar baƙar roba, ras da shi. Na ga na hagu da gindin soso rawaya ya leƙo waje kamar an cusa mini totuwar masara. Na tuna duk littattafan da na karanta. Babu jarumi ko ɗaya da ya tsaya a gaban masoyiyarsa da totuwa a kunne. Gwangwanin Kawu yana kan akwatin wayoyi, inda ya ajiye shi bayan ya shirya ni. Na faki idonsa na ɗauki baƙar roba ƙarama irin ta dama, na sauya, na jefa soson a aljihu. Na sake duba madubi. Kunnuwana sun zama uwa ɗaya uba ɗaya.

Aka kira "Nuraddeen". Na hau.

Tun kafin in buɗe baki na san akwai matsala. Ƙofar hagu a buɗe take. Janareto ya shigo, guɗa ta shigo, kukan jarirai ya shigo, sautin manyan sifiku da ke bugun bangon maƙwabta yana dawowa a makare shi ma ya shigo. Fiyano biyu nake ji, ɗaya a dama, ɗaya a hagu yana biye da shi a baya, ban san wanda zan bi ba. Gangar da nake dogara da ita ta zurare. Na fara baitin farko a kan sa'a. Gumi ya karyo, robar ta sulɓe, iyafis ɗin hagu ya faɗo yana lilo a kafaɗata.

Sai na kai hannu ƙugu na murɗa maɓalli, na wuce allin Kawu, na kai shi ƙarshe. Kunnen dama ya ɗauki huci da tsawa kamar an fasa kwano a ciki. Amma na hango Hajaru tsaye kusa da dandamali da tiren abinci, sai na tuna jarumi ba ya ja da baya. Na rufe ido, na dafa ƙirji, na saki murya.

A baiti na biyu sai na ji ƙarar ta sauka da kanta, muryata ta dawo daidai a kunnen dama. Na ce to, baiwa ta motsa. Na yi na uku, na yi na huɗu, na durƙusa da gwiwa ɗaya a na biyar. Da na buɗe ido a ƙarshen na shida, fili ya cika da mata ana ta rawa, ana guɗa. Na ɗaga hannu na gode musu. Na sauka ina jin ƙasa ba ta isa in taka ta ba.

Garba na gani ya kifa kai a kan fiyano, kafaɗunsa suna rawa. Kafin in tambaye shi, aka kama kunnena na hagu, aka ja ni bayan rumfa.

"Ina soson?"

Na ciro shi daga aljihu.

"Kawu, amma ka ga yadda suka yi rawa."

"Kiɗan Garba sunka yi ma rawa. Tun baiti na biyu nik kashe ka ga lasifika. Na bar ma muryarka cikin kunnenka kai ɗaya, tunda kai ka son ta."

Wato baiti biyar na yi ina buɗe baki, ina dafa ƙirji, ina durƙuso, babu mai ji. Matan sun ɗauka wani sabon salon rawa ne. Wata tsohuwa ma, aka ce mini, ta tambaya ko ciwon ciki ne ya kama yaron.

Na tsaya jiran faɗan waƙa. Ba shi ya yi ba. Ya nuna maɓallin akwatin. Ban taɓa ganin ran Kawu ya ɓaci haka ba.

"Mi nic ce ma bisa allin ga? Da ban rage daga wurina ba, da yau ka bar kunne guda Argungu."

"Kawu, ka yi haƙuri, ba na ji ne."

"Komo nan ka hwaɗi." Ya juyo mini da damansa. Sai ya dube ni, ya sassauta murya. "Kai wawa na, amma ɗan ƙanwata na. Wanga na hagu ya mutu tun kana goye. Na dama saura rabi. Tun ina saurayi nika tsayi gaban lasifika ba kariya, ina jin daɗi ana cewa sautin Cindo har ƙetaren gulbi. Ba wanda yac ce min kunne na ƙarewa."

Na dubi ƙafarsa, babu takalmi, duk ƙura. Sai lissafin ya haɗu mini. Da tafin ƙafa yake jin ganga. Da ido yake karanta baki. Hagun da ya ce ta Shaiɗan ce, babu kowa a cikinta sai shiru.

"In kah hwaɗa ma kowa, ni da kai. Ba mai ɗaukar kurma haɗa sauti."

Idona ya ciko, wannan karon babu albasa. Amma da yake ni ne, sai wata 'yar fata ta taso mini. Na ce, "To Kawu, tunda ba ka ji sosai, wataƙila muryar tawa..."

"Da rabin kunne nij ji ta, Nuru. Ya isa."

Muna haka sai ga Hajaru da tire, ta kawo wa Kawu shinkafa da kifi. Ta durƙusa ta gaishe shi. Ya leƙa damanta, ya leƙa hagunta.

"Ɗiyata, ina kike tsaye sa'adda shika wanga abu?"

"Gab da shi, Baba."

"Kin ji shi ke nan, ba lasifika?"

"Duka baiti shidda."

"Kuma ba ki gudu ba."

"Tire na hannuna, Baba."

Kawu ya karɓi abincinsa ya ce mini, "Kunnen haƙuri gare ta, irin shi ba shi da yawa. In kana da sauran hankali yi mata magana da Hausar gidanku." Ya koma bayan miksa ya bar mu.

Na nemi farin wata a kaina, na nemi lambu, babu ko ɗaya. Kunnena na dama yana ta kukan gyare, iyafis yana lilo a kafaɗa, soso rawaya a hannuna. Na ce, "Hajaru, son ki nika yi. Aure nika so."

Ta ce, "To mi yah hana ka hwaɗi tun wata takwas? Ka turo manya." Ta juya za ta tafi, ta waiwayo. "Baitocin ba su da laihi. Ka rubuto min su ga takarda. Ga takarda, Nuru."

Yau 'ya'yanmu biyu. Ko a banɗaki na fara ɗan rera wani abu sai in ji an ƙwanƙwasa ƙofa.

Sirrin Kawu na riƙe shi har ya koma ga Allah, kuma sai da Inna Kulu ta ba ni izini na rubuta wannan. Ita ta sani tun farko. Ta ce shi ya sa duk faɗan faifan kuɓewa ta hagunsa take tsayawa ta yi, ta huce, shi kuma bai ji ba. Ku da kuka ɗauke shi aikin bukukuwanku, ku yafe masa ɓoyon. Amma ku faɗi gaskiya, wa ya taɓa jin lasifikarsa ta yi kuka?

Bayan addu'ar bakwai ta kira ni ta miƙo mini shaidu a cikin tsummansu, da gwangwanin. Na buɗe a gida. Ashe a ƙarƙashin tarkacen akwai 'yan ƙulle-ƙullen takarda, kowanne da suna: mawaƙa, masu wa'azi, har ɗan gayun Gesse. Na sami nawa. Baƙar roba ƙarama, da soso rawaya, ya wanke shi tas. A jikin takardar, da rubutunsa mai kama da tafiyar kaza, ya sa: "Nuru. Hagu babba, dama ƙarami. Kak a ba shi makirho."

Na yi dariya har Hajaru ta leƙo, ta tarar dariyar ta zama wani abu.

Allah ka jiƙan Kawu Cindo. Ka yafe masa kurakuransa kamar yadda ya rufe nawa a gaban mutane. Ka sanyaya makwancinsa, ka ba Inna Kulu haƙuri. Ya Allah, bawanka ya ƙare rayuwarsa yana tsare wa mutane abin da shi ya rasa. Ranar da mala'iku za su yi wa bayinka sallama a ƙofar Aljanna, ka sa yana cikinsu, ka jiyar da shi ita da kunnuwansa biyu. Amin.